Notin da Malam Barmo Bai Ɗaure Ba

An yi wani mutum, jama'a, a wani gari na bakin kogi. Sunan garin ba zai ƙare ku da komai ba, don haka mu bar shi. Abin ya daɗe, tun zamanin da injinan ban ruwa suka fara shiga ƙauyuka, manoman rani suka fara jingine jigo suna saye. Sunan wannan bawan Allah Malam Barmo. Na baya ku matso, ku saurara, don wannan ba labarin wani babban malami ba ne, ba kuma na attajiri ba. Labarin bakanike ne mai baƙin farce.

Gajere ne, siriri, mai ɗan gemu fari. Yana da rumfar zana a gindin wata tsamiya a bakin kasuwa. Da gyaran keke ya fara, da injina suka zo sai Allah Ya buɗe masa kansu, har ya zama duk faɗin fadamar nan in injin mutum ya ƙi tashi, ba ya tambayar inda za shi. Sai ya ɗaura shi a jaki, sai gindin tsamiya.

In an kawo masa inji, ba ya rawar jiki ya hau kwancewa. Sai ya tsuguna, ya yi bisimilla, ya ce wa mai shi, "Ja igiyar in ji." A ja, ya karkata kai kamar mai sauraren gaisuwar tsoho. Yakan ce, "Shi inji kamar jariri ne. Ba ya magana, amma ba ya kuka a banza. Abu uku yake nema a duniya: ya ci, ya yi numfashi, ya sami wuta. Duk ran da ya ƙi tashi, ɗayansu ka hana shi."

Sai ya kwance fulogi ya duba bakinsa, yadda likita ke duba harshen majinyaci. In ya gan shi baƙi ƙirin da kunkunniya, ya ce, "Ka toshe masa hanci," ya buɗe matatar iska ya nuna maka ƙasar da ta cika ta. In ya gan shi jiƙe sharkaf, ya ce, "Ka ɗura masa ya ƙware, bar shi ya huta." Ya buɗe tanki ya sansana, ya yamutsa fuska ya ce, "Wannan fetur tun ranin bara yake kwance a nan. Kai za ka ci tuwon bara?" Yana da wani siririn zaren waya da ya zaro daga birkin keke, da shi yake zura wa ƙaramin ramin kafireto, inda fetur ke haɗuwa da iska, ya fitar da dattin da ido ba ya gani. Sau da yawa mutum zai zo da fargaba, yana ganin injinsa ya mutu, Malam Barmo ya kankare fulogi kawai, ya ja igiya, inji ya kama. Mutum ya sa hannu aljihu, ya ce, "Tafi abinka, ba gyara na yi ba, wanke masa fuska na yi."

Amma babban karatunsa shi ne baƙin mai. Ba wanda zai bar rumfar nan bai sha wannan karatu ba. "Baƙin mai shi ne jinin inji. Kowace safiya, kafin ka taɓa igiya, buɗe murfin ka duba. In fetur ya ƙare, inji tsayawa zai yi ya jira ka. In baƙin mai ya ƙare, ba jira, kashe kansa zai yi." Ya faɗa, ya maimaita, har mutanen gari suka mayar masa da ita gaisuwa. In sun hango shi a kan kekensa sai su ce, "Malam Barmo, an duba mai?" Ya yi dariya ya ce, "An duba, saura naka."

Matarsa Tabawa tana da injin markaɗe a ƙofar gida, shi ya haɗa mata shi da hannunsa. Matan unguwa su kawo wake, su kawo tattasai da gero, ita ke ja musu. Sun tsufa tare, kuma har tsufan ba ta daina tsokanarsa ba. In ya shigo sai ta ce, "Malam, ba sai ka yi sallama ba, ƙamshin fetur ya riga ya yi maka." Shi kuwa ya ce, "Turaren masu sana'a ke nan, Tabawa."

To, a garin nan akwai wata magana da ta kama bakin mutane. Sukan ce, "Hannun Barmo ba ya kuskure." In ya ji sai ya ce, "A'uzu billahi, Allah kaɗai ne ba Ya kuskure." Da gaske yake faɗa. Amma ku gaya mini gaskiya, jama'a, waye a cikinmu zai shekara ashirin ana shafa masa wannan man bai ji sanyinsa ba? Maganar ta shiga ransa a hankali, ta sami wuri ta zauna, shi ma bai san ta zauna ba.

Akwai wasu 'yan'uwa biyu a garin, uwa ɗaya uba ɗaya, Nomau da ƙaninsa Sallau. Mahaifinsu ya bar musu fadama ɗaya, ba su raba ba, tare suke nomawa. Nomau mutumin kirki ne, ga zuciyar nema, sai dai akwai saurin hawa. Sallau kuwa mai sanyi ne, ba ya son hayaniya, amma akwai ɗan sakaci. Suka haɗa ƙarfi suka sayi injin ban ruwa guda, kuma Sallau ne ke kula da shi. Da lokacin dashen albasa ya matso, Sallau ya ɗauko injin ya kawo wa Malam Barmo a yi masa juye, wato a canja masa baƙin mai.

Malam Barmo ya kwance notin da ke ƙasan injin, tsohon mai ya tsiyaye tas. Ya wanke matatar iska, ya goge fulogi. Ya mayar da notin nan da yatsunsa, ya murza har ya tsaya, ya zuba sabon mai. Ya miƙa hannu zai ɗauko sifana ya ɗaure shi tam, sai ga mutum da gudu.

"Malam Barmo, inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ladan ya cika. Ana haɗa shi yanzu."

Ladanin nan amininsa ne tun suna yara, tare suka yi kiwo. Malam Barmo ya miƙe, ya goge hannu da toka, ya tafi. Ku riƙe wannan wurin, jama'a. Sifana tana ƙasa, ba ta taɓa notin ba.

Da aka dawo daga maƙabarta ya tarar da Sallau yana jiransa da jaki. Zuciyarsa na can wurin wanda aka binne. Ya duba mai, cike. Ya ja igiya, ja ɗaya inji ya kama, yana sauti mai daɗi. Ya taya Sallau ɗaurawa, ya yi masa karatun da ya saba, suka yi sallama.

Aka dasa albasa. Aka girke inji a bakin ruwa, cikin baƙin taɓo. Inji yana aiki yana karkarwa, kuma kun san karkarwa ba ta barin abin da bai ɗauru ba. Noti ya riƙa sassautawa, mai ya riƙa ɗiga cikin taɓo, baƙi a kan baƙi, ba wanda ya lura. A kwana na huɗu da hantsi, inji ya yi wata ƙara kamar ana buga ƙarfe a maƙera, ya yi gum. Aka ja igiya, ta ƙi motsi. Inji ya buga.

Kafin azahar sai ga su a gindin tsamiya, Nomau a gaba yana huci, Sallau a baya da jaki, 'yan kallo na biye. Nomau ya riga ya buɗe murfin mai tun a gona ya ga wayam.

"Malam Barmo, kai ka zuba man nan da hannunka, ko ba haka ba?"

"Ni na zuba."

"Kwana huɗu! Man kwana huɗu yana ƙafewa? Tsiyaye shi aka yi. Na san abokin Sallau mai babur, kullum suna tare. Ya kwashe man injin gidanmu ya kai masa."

Sallau ya ce, "Yaya, wallahi ban taɓa man nan ba."

"Rufe mini baki! Ɓarawo!"

Jama'a, a bakin kasuwa fa. A gaban masu nama da masu goro, a gaban surukin Sallau da ke zaune a rumfar gishiri. Sallau ya sunkuyar da kai.

Malam Barmo ya tsuguna, ya zura hannu ƙarƙashin injin kamar yadda ya saba. Ya ji cikin injin ya yi danƙo da mai da yashi. Yatsunsa suka kai ga notin. Ya ɗan taɓa, noti ya juya. Da yatsa biyu ya juya, saura ƙiris ya faɗo. Nan take ya ga ranar nan a idonsa: ga sabon mai, ga mai gudu da labarin rasuwa, ga sifana kwance a ƙasa.

Ba wanda ke ganin hannunsa. To, me hannun ya yi? Ya murza notin a hankali, ya mayar da shi mazauninsa.

Nomau ya ce, "Malam, kai ne masani. Faɗa wa mutane, ina man ya tafi?"

Malam Barmo bai ɗago ba. Ya ce, "Sallau, kana duba mai kowace safiya kamar yadda na gaya maka?"

Sallau mutum ne da bai iya ƙarya ba. Ya ce, "Na duba ranar farko, na duba ta biyu. Jiya da yau ban duba ba, aikin dashe ya sha kaina."

Malam Barmo ya ce, "To. Inji in ba mai, dole ya buga."

Ku tsaya nan, jama'a. Ina tambayarku, ya yi ƙarya? Ku auna maganarsa ɗaya bayan ɗaya. Sallau bai duba ba, gaskiya ne. Inji in ba mai yana bugawa, gaskiya ne. Ba kalma ɗaya ta ƙarya a ciki. Amma wallahi da ya tashi ya ce, "Na ga Sallau da idona yana tsiyaye man," ba zai fi haka cutar da shi ba. Kowa a wurin ya fahimci abu guda, kuma Malam Barmo ya san abin da suka fahimta.

Nomau ya ce, "Kun ji dai. Bayan la'asar a kira mai unguwa, a zo da igiya a raba gonar nan. Ba na haɗa gumi da ɓarawo." Ya juya ya tafi. Sallau ya sauke injin, ya ja jakinsa, ya bi wata hanyar daban.

Malam Barmo ya rufe rumfa ya tafi gida. Ya yi sallar azahar, bai san surar da ya karanta ba. Tabawa ta kawo masa dambu, wanda ya fi so, ta zauna gefe tana tsince wake. Ya sa hannu, ya cire. Zuciya na ce masa, "Ai ba ka yi ƙarya ba. Da ya duba mai jiya, da ya ga ya ragu, da duk haka ba ta faru ba. Laifinsa ne. Kuma kai tsoho ne, in maganar nan ta fita, wa zai sake kawo maka inji? Su 'yan'uwa ne, harshe da haƙori ma suna saɓawa, gobe za su shirya." Kun ga yadda Shaiɗan ke aiki? Ba ya zuwa wa mutumin kirki da ƙarya tsagwaronta. Da rabin gaskiya yake zuwa.

Tabawa ta dube shi ta ce, "Malam, yau dambun ne bai yi ba, ko mai cin ne?"

Ya ture kwanon gefe. Can ya ce, "Tabawa, na yi abin kunya." Ya kwashe duka ya gaya mata, har murza notin da ya yi a ɓoye bai rage ba.

Ta ajiye farantin waken. Ta ce, "Mantuwar ba komai ba ce, amininka ka binne ranar. Doki mai ƙafa huɗu ma yana tuntuɓe. To yanzu me kake jira?"

"Sunana, Tabawa. Shekara ashirin ina tara shi."

Ta ce, "Wane sunan? Wanda mahaifinka ya yanka rago ya raɗa maka yana nan, ba mai karɓe shi. Wancan na bakin kasuwa kuwa, aro suka ba ka, kuma dama ya yi maka yawa. Amma shi Sallau, yau an raɗa masa sabon suna a gaban jama'a, kuma kai ka yanka ragon. 'Ya'yansa da shi za a kira su."

Malam Barmo ya dube ta. Sai ya ce, "Allah Ya yi miki albarka." Ya ja kwanon, ya ci loma uku don kada ranta ya ɓaci, ya tashi.

Da aka sallame la'asar ya hau kekensa ya gangara fadama. Ya tarar an taru. Mai unguwa da dattawa biyu sun riga sun kafa turke, an warware igiya. Nomau na tsaye a wannan gefe, Sallau na zaune a bakin kunya a wancan gefe. Albasar da aka dasa ta fara langaɓewa, don tun hantsi ba ta ga ruwa ba.

Ya jingine keke ya yi sallama. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a dakata da igiyar nan. Ina da magana, kuma ina so kowa ya ji."

Aka ajiye igiyar, aka juyo gare shi.

"Sallau bai saci mai ba. Ba wanda ya saci mai. Ranar da na yi wa injin nan juye, ban ɗaure notin ƙasa da sifana ba. Aka kira ni jana'izar Ladan, na tashi na manta. Ta nan man ya zube. In kuna shakka, ku je inda aka girke injin ku tona taɓon, ku sansana."

Wani ya tafi da gudu, ya dawo da dunƙulen taɓo a hannu yana ƙyalli. Ya ce, "Wallahi mai ne."

Nomau ya tako har gabansa. Ya ce, "Malam Barmo, yaushe ka gane haka?"

Ga wata ƙofar tsira, jama'a. Yana iya cewa, "Bayan kun tafi na duba." Wa zai ƙaryata shi? Amma ya ce, "Tun kuna tsaye a rumfata. Ina taɓa notin na gane. Na murza shi a ɓoye, na yi shiru."

"Kana tsugune, ina ce wa ɗan'uwana ɓarawo a bakin kasuwa, ka sani, ka yi shiru?"

"Na yi shiru. Har na taya ka da tambayar da na yi masa. Wannan ya fi mantuwar muni, kuma shi ya kawo ni."

Nomau ya ɗaga hannu, mutane suka zabura. Amma hannun bai sauka ba. Ya dubi farin gemun nan, ya sauke hannunsa, ya juya baya yana numfashi da ƙyar. Wani daga cikin 'yan kallo ya ce, "Ashe hannun Barmo ma yana kuskure." Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Malam Barmo ya ji, ya haɗiye.

Ya je gaban Sallau, wanda a haife ya haife shi, ya durƙusa. Ya ce, "Ka yafe mini don Allah."

Sallau ya zabura ya kama kafaɗunsa, hawaye na zuba. "Haba Baba, tashi. Ai ni ma ban duba ba."

"Wannan naka ne, ƙarami ne, ka riƙe shi ka gyara. Amma kada ka ɗaukar mini nawa."

Mai unguwa ya ce a naɗe igiya. Amma gaskiya ba ta ba albasa ruwa, jama'a. Kayan gyaran injin sai birni, motar birni kuwa sai ranar kasuwa, kwana biyar nan gaba. Dashen albasa ba ya jiran kwana biyar a wannan rana. Maƙwabta kowa injinsa na kan nasa dashen. Aka hau ɗiban ruwa da tulu da bokiti, maza da mata, ana ceton abin da za a iya ceta. Malam Barmo ya hau keke ya koma gida yana tunanin inda zai sami sandar fistin da ringi, kayan cikin injin da suka lalace.

Yana shan kwana sai ya ga matan unguwa na fitowa daga ƙofar gidansa da ƙorensu a kai, ba a markaɗa musu ba. Ya ƙarasa, ya tarar Tabawa ta cire bel, ta goge injin markaɗenta, ta shimfiɗa buhu a gefe, ta jera masa sifanoninsa a kai.

Ta ce, "Ba kai ka taɓa ce mini injina da na su Nomau iri ɗaya ne ba? To ga shi. Ciro abin da kake so."

"Tabawa, sana'arki ce fa."

"Kafin inji da me nake niƙa? Dutsen uwata yana nan a bayan ɗaki, bai mutu ba."

Ya tsuguna ya yi bisimilla.

Kafin magariba ya ɗauko injin 'yan'uwan daga rumfa, ya buɗe injinan biyu. Da aka yi sallar asuba gari ya fara haske, ya dasa aiki. Sandar fistin ɗin injin 'yan'uwan ta narke ta kama wuyan ƙarfen da take juyawa. Ya kankare abin da ya narke a hankali, ya yanko siririn samfefa mai laushi, ya jiƙa shi da mai, ya riƙa goge wuyan nan yana zagayawa, yana shafawa da farce yana ji, har ya yi sumul kamar cikin kasko. Ya ɗauko fistin da sanda da ringi na injin matarsa ya sa. Ya yanka sabon gasket, shimfiɗar da ke hana mai yoyo, daga kwali. Kafin rana ta take tsaka, inji ya haɗu.

A bakin ruwa, a gaban kowa, ya mayar da notin nan, ya miƙa wa Sallau sifana. Ya ce, "Ɗaure da hannunka, ka ji yadda ɗaurarren noti yake, don ko ni na yi maka aiki gobe, ka bi bayana ka duba." Sallau ya ɗaure. Aka zuba mai, aka cika famfon da ruwa, aka jefa tiyo a kogi.

Malam Barmo ya ja igiya. Shiru. Ya sake ja. Shiru. Ya ja na uku, na huɗu, inji ko tari bai yi ba. Mutane suka fara kallon juna. Gumi na ɗiga daga gemunsa. Ya tsaya, ya ce a ransa, ci, numfashi, wuta. Ya leƙa ƙarƙashin tanki, sai ya ɗago yana murmushi.

"Wa ya rufe makunnin fetur?"

Can Nomau ya sosa ƙeya ya ce, "Ni ne. Ɗazu da za a ɗora shi a jaki, don kada ya zube. Na manta ban faɗa ba."

Wallahi sai fadama ta kece da dariya, har shi Nomau ɗin. Aka buɗe fetur, aka ja, inji ya yi tari sau biyu ya kama. Tiyo ya kumbura, ruwa ya yi tsalle ya faɗa cikin kwari, ya bi kunya-kunya yana shiga ƙarƙashin albasa.

Nomau ya tsaya yana kallon ruwan. Sai ya ɗaga murya ya fi ƙarar injin, ya ce, "Jama'a, tsoho ya durƙusa jiya a gabanku, ni ban fi shi ba. Amma ba a nan na yi ɓarnar ba." Ya kama hannun ƙaninsa, ya ja shi tun daga fadama har bakin kasuwa, har gaban masu nama da masu goro da rumfar gishiri. A nan ya ce, "A nan na ce wa ɗan'uwana ɓarawo. Ƙarya na yi masa. Sallau, ka yafe mini."

Sallau ya ce, "Yaya, ya wuce."

Kada ku zaci daga nan sai aka yi ta zuba wa Malam Barmo alheri. A'a. Kashi ɗaya cikin uku na albasar nan ya mutu. Injin Tabawa ya yi kusan wata a kwance, ta koma kan dutse har tafin hannunta ya yi kanta. Wasu manoma suka ce tsufa ya kama shi, suka riƙa tsallake rumfarsa suna kai injinansu wani gari, kuma wasunsu har ya bar duniya ba su dawo ba. Maganar nan ta "hannun Barmo" ta mutu murus. Amma yakan ce wa matarsa, tun da ta mutu ya ji kamar an sauke masa buhun gishiri daga ka. Ya kuma ɗauki wata al'ada: in yana cikin aiki aka kira shi, ko gobara ce, sai ya zare notin gaba ɗaya ya ɗora a kan tanki. Yakan ce, "Ko a ɗaure, ko a cire. Rabin ɗauri shi ke kisa."

Waɗanda suka ci gaba da zuwa kuwa, in ya ce musu, "Wannan ba laifin kowa ba ne," sai su yarda. In ya ce, "Wannan laifinka ne," sai su yarda, ba musu. Gonar 'yan'uwan nan kuma ba a sake kawo mata igiya ba. Nomau ya rasu, Sallau ya riƙe 'ya'yansa tare da nasa, a gona ɗaya suka girma.

To, jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi gida. Kuskure ba shi ne abin tsoro ba, duk ɗan Adam yana yi. Abin tsoro shi ne ka yi kuskure, ka ga an ɗora wa wani, ka naɗe hannu ka ce ai ni ban ce komai ba. Shirun nan shaida ce, kuma za a tambaye ka ita. Kai tela da ka ɓata yanka ka ce yadin ne bai kai ba, har maigida ya je yana tuhumar wanda ya aika kasuwa. Kai magini da ka rage siminti, katanga ta tsage, ka ce ruwan sama ne. Ke uwar gida da kika fasa tulu, kika ji ana yi wa surukarki faɗa kika ci gaba da tankaɗe. Kai ma'aikaci da takarda ta ɓace a hannunka, aka kori na ƙasa da kai. Har mu da muke zaune a kan wannan buzu, ba mu tsira ba.

Malam Barmo bai fi mu ilimi ba. Ya ji tsoro kamar yadda za mu ji, har ya murza notin a ɓoye. Abin da ya raba shi da yawancinmu shi ne bai bar rana ta faɗi a kan shirunsa ba. Don haka kowa ya duba zuciyarsa yanzu, tun muna zaune. In akwai wani bawan Allah da yake yawo a garin nan ɗauke da laifinka, kuma kai kaɗai ka sani, ga rana can ba ta faɗi ba tukuna. Ka san gidansa.

Allah Ya ba mu ƙarfin cewa "ni ne" tun muna da bakin faɗa. Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya rufa mana asiri duniya da lahira. Ku tashi mu yi alwala.